Turke, Dutse da Anga: Tarihin Tsayar da Jirgi a Kogin Binuwai, Daga Garwa Zuwa Tuboro

Gabatarwa

Masu ba da tarihin jiragen ruwa sun fi mai da hankali a kan tafiya: inda jirgi ya taso, inda ya nufa, da kwanakin da ya yi a hanya. Ba kasafai ake tambayar yadda jirgin ya tsaya ba. Amma a kogin Binuwai, wanda ya ratsa arewacin Kamaru ta Garwa kafin ya shiga Nijeriya ta Yola, tsayuwa ta sha yanke hukunci a kan dukiya da rayuka, har ma da sarauta. Wannan rubutu zai bi tarihin abubuwa uku da aka tsayar da jirgi da su a wannan yanki, wato turke da dutse da anga, sannan ya nuna abin da tarihin yake koya wa mai ƙaramin jirgi a yau game da zaɓen anga da ajiye ta.

Kalmar Anga

Anga, wadda wasu suke kira anka, ƙarfe ne mai farata da ake ɗaura wa igiya ko sarƙa a saka a ruwa, ya kama ƙasa ya riƙe jirgi. Hausa ta aro kalmar daga Ingilishi, shi ma Ingilishi ya samo ta daga Latin, Latin kuma daga Girkanci. Kasancewar kalmar ta aro yana nuna cewa ƙarfen baƙo ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Sauran kalmomin sana'ar kuwa, irin su jirgi da fito da igiya da turke da mashigi, tsofaffi ne a harshen, domin mutanen bakin kogi sun daɗe da sanin yadda ake tsayar da jirgi tun kafin su ga anga.

Halin Kogin Binuwai

Binuwai ya taso daga tsaunukan Adamawa, arewa da Ngaundere. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,400 kafin ya haɗu da Kwara a Lakwaja. A kusa da Garwa yake karɓar ruwan Mayo Kebbi, sannan gab da iyakar Nijeriya ya karɓi na Faro. Abu biyu suka bambanta shi da teku. Na farko, mafi yawan ƙasansa yashi ne mai ƙaura, ta yadda hanyar da jirgi ya bi bara kan iya zama tsibiri bana. Na biyu, yana cika yana ja bisa damina da rani. A watan Agusta da Satumba yakan tumbatsa ya malale fadamu, da bazara kuwa akwai wuraren da ake ƙetare shi da ƙafa.

Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya iso mahaɗar Binuwai da Faro ranar 18 ga Yuni, 1851, a hanyarsa ta zuwa Yola. Ya ƙiyasta faɗin kogin a wurin da yadi 800, zurfinsa ƙafa 11, ya kuma rubuta cewa idan damina ta yi nisa ruwan kan ƙaru da ƙafa 30 ko fiye. Wannan hawa da sauka shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya.

Zamanin Turke da Gora

Jiragen da suka fitar da Barth na itace ɗaya ne da aka fafe, dogaye amma matsattsu ƙwarai. Irin wannan jirgi bai da bukatar ƙarfe. Mai fito yana tura shi da doguwar sanda ta gora ko gwangwala, idan kuma ya so tsayawa sai ya kafa sandar a yashi ya riƙe jirgin a jikinta, ko ya ɗaura igiya. Da yamma a jawo jirgin gaɓa, a ɗaure shi a turke ko a saiwar itace, kamar yadda ake ɗaure doki. Yashi mai laushi yana karɓar sanda, ruwa marar zurfi kuma yana barin ta ta kai ƙasa, don haka dabarar ta dace da kogin.

Inda sanda ba ta kai ƙasa, kamar a gurbi mai zurfi, masunci yakan ɗaure dutse da igiya ya saka. Wannan ita ce anga mafi tsufa a duniya. Wani jirgi da ya nutse a gaɓar Uluburun ta ƙasar Turkiyya fiye da shekara 3,000 da suka wuce, an same shi ɗauke da angar dutse guda 24. Dutse yana riƙe jirgi da nauyinsa kawai, kuma ruwa yana rage wannan nauyi. Dutse mai kilo 10 a tudu bai fi kilo 6 da 'yan kai ba a cikin ruwa, alhali ƙarfe mai kilo 10 yana nan kusan kilo 9. Shi ya sa dutse yake isar jirgi marar kaya a ruwa mai kwanciya, amma ya gaza idan iska ta taso ko ruwa ya yi ƙarfi.

Zuwan Jiragen Tururi

Labarin da Barth ya aika ya sa gwamnatin Ingila ta tura jirgin tururi mai suna Pleiad a 1854, ƙarƙashin jagorancin likita William Baikie. Cikin tawagar akwai Samuel Ajayi Crowther. Jirgin ya shiga Binuwai ya kai ƙasar Muri, sannan ruwa ya fara ja, itacen hura wuta ya yi ƙaranci, dole aka juya. An fi tuna wannan tafiya saboda maganin kwinin da aka sha, wanda ya sa ba a rasa rai ko ɗaya ba. Amma ta kuma nuna cewa kogin ne yake sa ranar komawa. A 1879 wani jirgin, Henry Venn, na 'yan mishan, ya wuce Yola ya kai yankin Garwa, a cikinsa akwai Bajamushe Eduard Flegel.

Angar da jiragen Ingila suke ɗauka a wancan zamani tana da hannu biyu masu farata a ƙasa, da sanda a gicciye a sama. Idan ta faɗa ƙasa, sandar gicciyen tana juya ta har farce ɗaya ya soki yashi, jan jirgi kuma ya ƙara nutsar da shi. Ta haka ƙarfe yake riƙe abin da ya ninka nauyinsa sau da yawa. A kogi mai yashi anga tana da aiki na biyu. Idan jirgi ya hau tudun yashi, akan ɗora anga a ƙaramin jirgi a kai ta inda ruwa yake da zurfi a saka, sannan a naɗe igiyarta daga cikin babban jirgin har ya jawo kansa ya sauka. Wannan dabara tana aiki ne muddin ruwa bai ja sosai ba. Idan ya ja, babu angar da za ta ɗaga jirgi daga busasshen yashi, sai dai a jira damina mai zuwa.

Anga da Iko

Yarjejeniyar Balin ta 1885 ta ce kowace ƙasa tana da 'yancin zirga-zirga a Kwara da rassansa. Sai dai izinin wucewa daban, izinin tsayawa daban. Kamfanin Royal Niger, wanda ya samu takardar izinin mulki daga Ingila a 1886, bai samu damar gina kanti a tudu a Yola ba. Lamiɗon Adamawa ya bar shi ne ya yi ciniki daga cikin wani tsohon jirgi da aka tsayar a kogi. Hikimar a fili take. Gini yana kafa baƙo a ƙasa, jirgi kuwa ana iya ce masa ya cire anga ya tafi duk ranar da aka ga dama.

Bafaranshe Louis Mizon ya isa Yola a 1891, a zamanin Lamiɗo Zubairu, sannan ya komo Binuwai a 1892 da jirage biyu. Ɗayansu, Sergent Malamine, ya maƙale a yashi a ƙasar Muri yayin da ruwa yake ja. Mizon ya yi rani a can, ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Muri, ya kuma taimaka masa da bindigogi wajen cin garin Kona. Rikicin da ya biyo baya tsakanin Ingila da Faransa ya sa aka kira Mizon gida a 1893. A shekarar ce kuma Ingila da Jamus suka shata iyakar da ta bar Yola a ɓangaren Ingila, Garwa a ɓangaren Jamus.

Da Turawan Ingila suka yanke shawarar yaƙar Zubairu a 1901, sai da suka jira ruwa ya cika. Rundunar Kanar Morland ta hau jiragen tururi daga Lakwaja a watan Agusta, ta ci Yola ranar 2 ga Satumba. Cikin makaman da aka kare fada da su akwai igwa biyu da Mizon ya bar wa Lamiɗo. Zubairu ya fice, aka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu, Jamusawa kuma suka kama Garwa a watan Nuwamba na shekarar. A 1903 Bafaranshe Lenfant ya bi Binuwai da Mayo Kebbi da jirgin ƙarfe mai suna Benoît-Garnier yana neman hanyar ruwa zuwa Tabkin Cadi. Ya kai kogin Logon, amma sai da aka kwance jirgin aka ɗauke shi a ka don a kauce wa gangaren ruwan Gauthiot.

Tashar Garwa

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Garwa ta koma hannun Faransa, ta kuma zama ƙofar arewacin Kamaru da kudancin Cadi. Jiragen kamfanonin UAC da John Holt suna tasowa daga Burutu da Warri, tafiyar fiye da kilomita 1,000, suna jan manyan kwalekwalen ƙarfe. Suna kawo gishiri da siminti da man fetur, suna komawa da auduga da gyaɗa. Duk cinikin shekara ana yin sa ne cikin wata biyu zuwa uku na cikar ruwa, daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Kayan da aka tara tun rani suna jiran jirgi a bakin ruwa, jirgin da ya iso kuma ana lodinsa cikin gaggawa, domin wanda ya makara wajen cire anga zai iya kwana a yashi har shekara ta zagayo.

Wannan ciniki ya mutu a hankali. Yaƙin basasar Nijeriya daga 1967 zuwa 1970 ya toshe hanyar teku. A 1974 titin jirgin ƙasa ya iso Ngaundere, kaya suka koma bin Duwala. Fari na shekarun 1970 da 1980 ya rage ruwa, yashi ya cike tasha. Manyan jirage suka daina zuwa, aka bar kogin ga kwalekwale da jiragen katako masu inji.

Lagdo: Sabon Ruwa

Tsakanin 1977 da 1982 injiniyoyin ƙasar Sin suka gina madatsar Lagdo a kan Binuwai, kimanin kilomita 50 daga Garwa. Tsayin ganuwarta mita 40, injinanta huɗu kuma suna iya ba da megawat 72 na lantarki. Mutanen Adamawa da Taraba da Binuwai da Kogi sun fi sanin Lagdo ta hanyar ambaliya, musamman ta 2012 da ta 2022. A bayan ganuwar kuwa wani tabki ne ya samu mai faɗin sama da murabba'in kilomita 500, wanda ya jawo masunta daga arewa mai nisa ta Kamaru, da Cadi da Nijeriya da Mali, cikinsu har da Hausawa.

Masuncin da ya saba da kogi ya tarar da ruwa mai wani hali. Da ya yi nisa da gaɓa sanda ba ta kai ƙasa. Ƙasan tabkin tsohon daji ne da gonaki da duwatsu da ruwa ya rufe, ga laka da take taruwa kowace shekara. Faɗin ruwan kuma yana ba iska filin tayar da igiyar ruwa, musamman iskar hadarin farkon damina mai zuwa ba sallama. Turke ba ya aiki a tsakiyar irin wannan ruwa, dutse kuma yana jan ciki idan iska ta yi ƙarfi. Tambayar da a da ta shafi manyan jiragen kamfani kawai, yanzu ta sauko kan mai jirgin katako.

Zaɓen Anga

Tarihin ƙirar anga a ƙarni na 20 tarihin neman ƙarfe marar nauyi ne mai riƙo da yawa. A 1933 masanin lissafi Geoffrey Taylor na Ingila ya ƙera anga mai siffar garma, wadda ake kira CQR, tana huɗar ƙasa har ta binne kanta. Richard Danforth na Amurka ya fito da mai faffaɗan farata biyu, wadda aka yi amfani da ita sosai a jiragen sauke sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarun 1970 Peter Bruce ya ƙera mai kama da dagin dabba. Kowace ƙira an yi ta ne don wata irin ƙasa, kuma nan ne darasin yake: ƙasan ruwa ita ke zaɓar anga.

A yashi da laka, faɗin farce ya fi nauyi amfani, don haka irin ta Danforth take dacewa, ga shi kuma tana kwanciya a shimfiɗe idan an ajiye ta. A kan dutse ko cikin itatuwan da ruwa ya cinye, faffaɗan farce ba ya samun abin soka, sai mai ƙugiya huɗu irin wadda mai walda yake iya haɗawa da rodi. Amfanin rodi shi ne idan ya maƙale, jan ƙarfi yana miƙar da ƙugiyar anga ta fito, daga baya a sake lanƙwasa ta. Wata dabarar ita ce a ɗaure igiya a gindin anga, sannan a kama ta a zoben sama da siririn zare. Idan anga ta ƙi fita, a ja daga wani ɓangaren har zaren ya tsinke, sai ta fito ta gindi.

Rabin riƙon anga yana ga igiya. Anga tana kama ƙasa ne idan an ja ta a kwance, tana kuma fita idan an ja ta tsaye. Saboda haka ƙa'idar da matuƙa suka sani ita ce tsawon igiya ya ninka zurfin ruwa sau biyar zuwa bakwai. A ruwa mai zurfin mita 4, ana bukatar igiya mita 20 zuwa 28. Guntuwar sarƙa tsakanin anga da igiya tana danne jan zuwa ƙasa, tana kuma kare igiyar daga kaifin dutse. Igiyar nailan ta fi dacewa domin tana miƙewa ta shanye fizgar igiyar ruwa. A goshin jirgi ake ɗaure anga. Wanda ya ɗaure ta a baya, inda inji ya riga ya danne jirgin, ya ba ruwa hanyar hawowa ciki.

Ajiye Anga

Angar da ba a iya kai wa gare ta cikin gaggawa daidai take da wadda aka manta a gida. Idan inji ya mutu a saman ƙafafun gada ko iska ta nufi duwatsu da jirgi, lokacin da ake da shi kaɗan ne. Don haka wurin anga shi ne kusa da goshi, a ƙasan jirgi, ba a ƙarƙashin buhunan masara ko tarin taru ba. A ɗaure ta da ƙulli mai saurin kwancewa don kada ta yi ta yawo tana dukan katako, faratanta kuma kada su fuskanci jikin jirgi ko ƙafafun fasinja. A siririn kwalekwale, ƙarfen da aka ɗora a sama ko a gefe ɗaya yana iya karkatar da jirgin.

Ita kuma igiya a zuba ta a kwando ko bokiti, a fara da ƙarshen da ke ɗaure a jirgi, a ƙare da na anga, domin ta fita ba tare da sarƙewa ba. Ɗaure wancan ƙarshen a jirgi wajibi ne, in ba haka ba anga za ta tafi da igiyarta duka. Ba a jefa anga, sauke ta ake yi a hankali yayin da jirgi yake ja da baya, kuma kada kowa ya sa ƙafa cikin naɗin igiya mai fita. Bayan an ɗago ta a wanke laka, a duba inda igiya take gogar katako, domin nan take fara tsinkewa. Rigakafi dai ya fi magani.

Tuboro da Ruwan Vina

Tuboro tana cikin yankin Mayo Rai, ƙasar Lamiɗon Rai Buba, kusa da iyakar Cadi da Afirka ta Tsakiya. Duk da haka ruwanta ba ya zuwa Binuwai. Kogin Vina da ya bi ta garin yana gangarawa gabas ne, ya haɗu da Mbere su zama Logon, wanda yake ƙarewa a Tabkin Cadi ta hanyar kogin Shari. Saboda haka jiragen Burutu ba su taɓa zuwa nan ba. Audugar da kamfanin SODECOTON, wanda aka kafa a 1974, yake gurzawa a Tuboro, mota ce take kwashe ta, ta bi titin da ya haɗa Ngaundere da Mundu.

A nan tsohon tsari bai gushe ba. Kogi ne mai cika da sauri idan an yi ruwa a tsaunuka, mai ja da sauri idan sama ta ɗauke. Mai kwalekwale yana dogara da sanda da igiya da turke, haɗarinsa kuma yana gaɓa. Jirgin da aka ɗaure da gajeruwar igiya da yamma, idan ruwa ya hau cikin dare, igiyar tana danne goshinsa har ya sha ruwa. Wanda aka ɗaure a turken da aka kafa a yashi mai laushi kuwa, ruwa yana tone gindin turken ya tafi da su gaba ɗaya. Maganin shi ne a ɗaure a tudu, a abu mai saiwa, a kuma bar sarari a igiya gwargwadon yadda ruwa zai iya hawa.

Kammalawa

Cikin ƙarni ɗaya da rabi, arewacin Kamaru ya ga hanyoyi uku na tsayar da jirgi, kuma babu wadda ta kori 'yar'uwarta. Turke yana aiki a Vina da mashigan Binuwai, dutse yana aiki a gurbi mai kwanciya, ƙarfe kuma ya zama dole a faɗin Lagdo. Abin da ya maƙalar da jirgin Mizon a Muri a 1892 shi ne abin da yake kifar da kwalekwale a yau, wato rashin lissafin abin da ke ƙasan ruwa da abin da ruwan zai yi kafin gari ya waye. Mai ƙaramin jirgi da ya san ƙasan da zai tsaya a kai, ya auna igiyarsa da zurfin wurin, ya kuma ajiye angarsa inda hannu zai kai a cikin duhu, ya yi abin da ke wuyansa kafin ya bar gaɓa.